Darasin Ruwa: Mu Koya wa Yaranmu Abin da Ke Narkewa da Abin da Ke Tasowa



Ƙasar Gaya ƙasar ruwa ce. A duk faɗin Nijar, yankinmu yana cikin waɗanda suka fi samun ruwan sama, domin akan samu wajen milimita 800 a shekara. Ga kogin Isa, wanda ake kira Kwara, ya raba mu da Malanbil ta ƙasar Benin. Ga fadamun Dallol Mawri da Dallol Foga, inda giginya da rake suke yin kyau. Daga Tanda zuwa Tunuga, daga Bana da Bengu zuwa Yelu, yaro yana buɗe ido ya tarar da ruwa a gabansa.

Sai dai zama kusa da ruwa bai isa a ce an san halinsa ba. A wannan darasi za mu duba halaye biyu na ruwa. Na farko, ruwa yana narkar da waɗansu abubuwa, yana ƙin waɗansu. Na biyu, waɗansu abubuwa suna tasowa a kansa, waɗansu suna nutsewa. Wanda ya gane waɗannan biyu zai iya haɗa ruwan gishiri da sukari daidai ga yaro mai zawo. Zai iya zaɓen irin shinkafa mai kyau. Zai kuma san abin da ya sa ba a kashe wutar fetur da ruwa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka muka shirya gwaje-gwaje guda biyar, waɗanda uba ko uwa ko malamin yaƙi da jahilci zai iya yi tare da yara a tsakar gida.

Kayan aiki da sharuɗɗa

Ba a bukatar sayen wani abu mai tsada. A tanadi kofunan gilashi, ko gorunan roba masu haske da aka yanke wa kai. A samo cokalin shayi, da ƙyalle mai tsabta, da faranti, da gishiri, da sukari, da kanwa, da rairayi, da garin gero, da man gyaɗa, da ɗan zuma, da sabulu, da ɗanyen ƙwai sabo.

Sharuɗɗa uku ne. Kada yaro ya ɗanɗana komai sai babba ya ba shi izini. Kada a kawo fetur ko kananzir ko maganin ƙwari wurin gwaji. Aikin wuta kuma na manya ne. Kafin kowane gwaji, a tambayi yara abin da suke tsammani zai faru, a bar kowa ya faɗi nasa, sa'an nan a gwada. Kada babba ya yi saurin ba da amsa, domin gani ya kori ji.

Gwaji na ɗaya: wane ne ke narkewa?

A jera kofuna shida, a zuba ruwa daidai wa daida. A sa cokali ɗaya na gishiri a na farko, sukari a na biyu, kanwa a na uku, rairayi a na huɗu, garin gero a na biyar, man gyaɗa a na shida. Kowane yaro ya motsa nasa har a ƙirga hamsin, sa'an nan a ajiye, a jira.

Ga abin da za a gani. Gishiri da sukari sun ɓace, ruwansu ya yi garau. Kanwa ta narke, amma ta bar ɗan datti a ƙasa, kamar yadda mata suka saba gani idan sun jiƙa ta. Rairayi ya koma gindin kofi nan da nan. Garin gero ya gurɓata ruwa, bayan wani lokaci shi ma ya kwanta. Mai kuwa ya rarrabu lokacin motsawa, da aka bari ya sake haɗuwa a sama.

A nan sai a tambayi yara: ina gishirin ya tafi? A ba su ruwan kofi na farko su taɓa da harshe. Gishirin yana nan, ya dai rarrabu ne ƙanana ƙwarai, har ido ba ya ganinsa, ya bazu cikin ruwan duka. Wannan shi ake kira narkewa. Abin da ya narke ba ya kwantawa, ko da an bar shi kwana da kwanaki. Abin da ya gauraya kawai, irin su gari da laka, yana kwantawa.

A ƙarshe a goga ɗan sabulu cikin kofin mai, a motsa sosai. Ruwan zai yi fari-fari, man kuma zai daɗe bai koma sama ba. Sabulu yana kama mai da gefe ɗaya, yana kama ruwa da ɗaya gefen. Dattin hannu yana maƙale cikin maiƙo, shi ya sa ruwa kaɗai ba ya fitar da shi. Ga dalilin wanke hannu da sabulu bayan an fito daga ban ɗaki da kuma kafin cin abinci.

Gwaji na biyu: ruwa ma yana ƙoshi

A auna ruwa kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na lita. A riƙa sa gishiri cokali ɗaya-ɗaya, ana share bakin cokalin, ana motsawa har ya narke kafin a ƙara wani. Yara su riƙa ƙirgawa. Wajen cokali na shida ko na bakwai, za a ga gishirin ya ƙi narkewa, ya zauna a ƙasa komai motsawa. Ruwan ya ƙoshi ke nan.

Masana sun auna wannan. Lita ɗaya ta ruwa tana narkar da gishiri giram 360, ba ta wuce haka sai kaɗan ko da an tafasa ta. Sukari kuwa dabam yake. Lita ɗaya ta ruwan sanyi tana iya narkar da wajen kilo 2 na sukari, tafasasshen ruwa kuma ya fi ninki biyu na haka. Mai shayi ya san wannan a aikace: sukari yana saurin narkewa a buta mai zafi, yana nawa a ruwan randa.

A nuna wa yara abubuwa uku da ke hanzarta narkewa: zafi, da motsawa, da dakawa. A sa dunƙulen kanwa a kofi ɗaya, dakakkiya a wani, su gani da idonsu wadda za ta riga narkewa.

Gwaji na uku: aikin masu gishirin Foga

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Masu dafa gishiri a Dallol Foga sun daɗe suna aiki da shi. Bature matafiyi Heinrich Barth, Bajamushe wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Foga a watan Yuni na 1853, a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Say, ya kuma rubuta labarin gishirin da ya ga ana yi a wurin. Tun zamanin da, fatake suna ɗaukar wannan gishiri zuwa kasuwanni masu nisa.

Daga ina gishirin yake fitowa? A cikin fadamar, ruwa yana kusa da fuskar ƙasa, kuma akwai gishiri narke a cikinsa. Da rani ruwan yana tsattsafowa sama, rana tana busar da shi, gishirin yana saura a kan ƙasa fari-fari. Masu sana'a suna kankare wannan ƙasa, su zuba ta a matata, su kwarara ruwa a kai. Ruwa ya narkar da gishiri ya tsiyaye da shi, ƙasa ta tsaya a matata. Sai su dafa ruwan har ya ƙafe, gishiri ya fito.

Yara za su iya kwaikwayon wannan. A gauraya cokali uku na gishiri da cokali uku na rairayi mai tsabta. A tambaye su: wa zai iya raba su? Tsincewa da hannu ba za ta yiwu ba. Sai a zuba ruwa, a motsa, a tace da ƙyalle. Rairayi zai tsaya a ƙyalle. Ruwan da ya wuce a zuba shi a faranti, a shanya a rana. Bayan kwana ɗaya ko biyu ruwan zai ƙafe, a ga gishiri ya dawo, ƙwayoyinsa masu kusurwa huɗu suna ƙyalli.

Akwai babban darasin lafiya a nan. Ƙyalle ya tsare rairayi, amma bai tsare gishiri ba. Tacewa tana kama abin da ke yawo cikin ruwa in yana da ɗan girma, ba ta kama abin da ya narke. Tacewa ta yi mana babban amfani a yaƙi da kurkunu, domin ƙananan ƙwarin ruwa masu ɗauke da shi suna tsayawa a matata. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta tabbatar Nijar da Najeriya sun rabu da kurkunu. Amma ƙwayoyin cutar zawo da kwalara sun fi ramin ƙyalle ƙanƙanta nesa ba kusa ba, suna wucewa abinsu. Alif da garin ƙwayar zogale suna kwantar da laka, ruwa ya yi haske, amma su ma ba su isa ba. Bayan an kwantar an tace, sai a tafasa ruwan, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs bisa ga umurnin da ke jikin takardarta, a jira minti 30 kafin a sha.

Maganin ƙwari na gona kuwa, idan ya shiga ruwa, tacewa ba ta fitar da shi, tafasawa ma ba abin dogara ba ce. Don haka kada a wanke famfon feshi a bakin rijiya ko tafki ko gulbi. Kada kuma a mai da galan ɗin magani abin ɗiban ruwan sha, komai wankin da aka yi masa. Yaron da ya ga gishiri ya ɓace cikin ruwa ya kuma dawo, zai yarda cewa hasken ruwa ba shi ne tsabtarsa ba.

Gwaji na huɗu: zuma da ruwa da mai

Yanzu mu koma ga hali na biyu. A tambayi yara: tiya ɗaya ta auduga da tiya ɗaya ta gero, wacce ta fi nauyi? Kowa zai ce ta gero. Awo ɗaya ne, nauyi ya bambanta. Wannan shi muke kira nauyin awo, wato nauyin abu idan an cika mudu iri ɗaya da shi. Abubuwa masu ruwa-ruwa su ma haka suke. Ga nauyin lita ɗaya ta kowanne:

Zuma: wajen giram 1400.
Ruwan gishiri wanda ya ƙoshi: wajen giram 1200.
Ruwan sha: giram 1000, wato kilo ɗaya.
Man gyaɗa: wajen giram 910.
Kananzir: wajen giram 800.
Fetur: wajen giram 750.

Ƙa'idar ita ce, wanda awonsa ya fi nauyi yana zama a ƙasa, mai sauƙi yana hawa sama.

A samo kofi dogo. A zuba zuma kamar kaurin yatsa biyu. A karkata kofin, a zuba ruwa a hankali ta gefe, in an so a rina shi da soɓorodo don ya fito sosai. Sa'an nan a zuba man gyaɗa. Za a ga hawa uku, kowanne ya tsaya a matsayinsa. Sai a jefa ƙaramar tsakuwa, da ƙwayar wake, da guntun totuwar kara. Tsakuwa za ta wuce har gindi. Wake zai ratsa mai da ruwa ya tsaya a kan zuma. Totuwa za ta zauna a can sama.

A lura da wani abu: mai ya fi ruwa kauri, amma ruwa ya fi shi nauyi. Kauri dabam, nauyi dabam. A tuna wa yara abin da suke gani kullum. Idan Bafulatana ta kaɗa nono, man shanu a sama yake taruwa. Masu yin man kaɗe su ma daga saman ruwa suke yaɗe shi.

Ga kuma gargaɗi, musamman a gari na bakin iyaka irin namu, inda ake ajiye fetur a kwalabe da galan-galan. Fetur ba ya narkewa a ruwa, kuma ya fi ruwa sauƙi. Idan ya kama wuta aka watsa masa ruwa, sai ya hau kan ruwan yana ci, ruwan ya kwashe wutar ya kai ta inda ba ta kai ba. Rairayi ko ƙasa ake zubawa. In man suya ne ya kama a kasko, a rufe shi da murfi ko faranti, a janye itace, kada a kusanto da ruwa. Haka nan kada a zuba kananzir ko fetur a gorar ruwa ko kwalbar lemo a bar su inda yaro zai kai hannu. In tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A garzaya da shi gidan likita.

Gwaji na biyar: ƙwai mai iyo

A sa ɗanyen ƙwai sabo a kofin ruwa. Zai nutse, domin ya ɗan fi ruwa nauyi. A fitar da shi, a riƙa sa gishiri ana motsawa, ana mai da ƙwan ana dubawa. A kofi madaidaici, bayan babban cokali biyu zuwa uku, ƙwan zai taso. Ƙwan bai sake ba, ruwan ne ya ƙara nauyi saboda gishirin da ya narke a cikinsa. Nan ne darussanmu biyu suka haɗu.

In ana son abin mamaki, a bar rabin kofi na ruwan gishirin, a zuba ruwan sha a kai sannu-sannu ta bayan cokali. Ƙwan zai tsaya a tsakiya, bai nutse ba, bai taso ba. A ba yara labarin Bahar Lut, tafkin da ke ƙasar Jodan da Falasɗinu da Isra'ila. Ruwan teku yana da gishiri giram 35 a lita, na Bahar Lut ya kusa ninka haka sau goma, har mutum yakan kwanta a kansa bai nutse ba.

Masu sayen ƙwan zabi da damina suna gwada shi a ƙwaryar ruwa. Sabo yana nutsewa. Wanda ya daɗe yana tasowa, domin ruwan cikinsa ya ragu ta ƙananan ƙofofin ɓawo, iska ta maye gurbin.

Amfanin darasin a gona

Manoman shinkafa na Tara da Gaya da sauran bakin gulbi za su iya zaɓen iri da wannan dabara. A zuba ruwa a bokiti, a narka gishiri har ƙwai sabo ya taso ya nuna baya kaɗan. A cire ƙwan, a zuba irin, a motsa. Ƙwayar da ba ta cika ba da wadda ƙwari suka ci za su taso, a yaɗe su. Mai ƙwari za ta nutse. A kwashe ta nan take, a ɗauraye da ruwa mai kyau sau biyu ko uku, domin gishiri yana hana tsiro. Ana yin wannan ne daf da lokacin jiƙa iri don yin reno. Ruwan gishirin kuma kada a zubar da shi a gona.

Takin zamani, musamman farin nan da ake kira yuriya, yana narkewa da sauri kamar gishiri. Shuka ba ta cin taki sai ya narke, don haka ana sa shi a ƙasa mai laima, a rufe. Amma idan aka watsa shi hadari na haɗuwa, ko ana shirin sakin ruwan fala, ruwa zai tafi da shi, kuɗin manomi ya bi gulbi. Masu lambu a fadama su kuma su lura da farin ɓawo a kan ƙasa. Alama ce gishiri yana taruwa, sai a nemi shawarar malamin gona a kan magudanar ruwa.

Amfanin darasin ga mai zawo

Zawo yana kashe yaro ne ta hanyar ƙarar da ruwa da gishirin jikinsa. Ruwan gishiri da sukari yana mayar da su, domin sukari yana taimaka wa hanji ya tsotse gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin. A shekarar 1971, kwalara ta ɓarke a sansanin ƴan gudun hijirar Bangaladash a ƙasar Indiya. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya yi ta ba majinyata wannan haɗi, mace-mace suka ragu daga wajen 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4 cikin ɗari.

Abin da ya fi shi ne ƙunshin da ake samu a gidan likita, wanda ake kira SRO. A narka ƙunshi ɗaya duka a cikin yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya. In babu shi a kusa, a tafasa ruwa lita ɗaya, a bari ya huce, a sa sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi, duka a share bakinsu. A motsa har kome ya narke. A ɗanɗana: kada gishirinsa ya fi na hawaye. Awo a nan ba abin wasa ba ne. In ruwa ya yi kaɗan ko gishiri ya yi yawa, haɗin zai cuci yaro. In sukari ya yi yawa, zawon zai ƙaru. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo. Tun 2004, OMS da UNICEF suka ƙara da shawarar a ba yaro ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14. Idan yaro ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, ko aka ga jini a bayan gidansa, ko jikinsa ya saki, a kai shi likita ba da jinkiri ba.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin abin da ya narke da abin da ya gauraya?
2. Don me ƙyalle yake tsare rairayi amma ba ya tsare gishiri?
3. Lita ɗaya ta mai da lita ɗaya ta ruwa, wacce ta fi nauyi?
4. Me ya sa ba a kashe wutar fetur da ruwa?
5. Cokali nawa na sukari da na gishiri ake sawa a lita ɗaya ga mai zawo?
6. Bayan an zaɓi iri da ruwan gishiri, me ya wajaba a yi kafin a jiƙa shi?

Muna roƙon kowane mai karatu ya zaɓi gwaji ɗaya ya yi da yaransa a wannan mako, ƴan mata da samari baki ɗaya. Wanda ya iya rubutu ya sa yaro ya rubuta abin da ya gani, ya kawo aji a karanta. An ce ilimi gishirin zaman duniya. Allah Ya ba mu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.